Fuskar Mama a Kakin Zuma

Malachi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a Doha, kuma yana da hali guda mai ban haushi: in ya ga abu ya ɗan karkace, sai ya sa masa hannu. Ko agogon bangon gidan mutane bai tsira ba.

A wani ɗakin zane a unguwar Mushairib, inda ya je gyara, ya fara ganin ana zane da kakin zuma. A narkar da kakin, a zuba masa launi, a shafa a kan katako da zafinsa, sannan a bi shi da na'urar busa iska mai zafi don sabon shafi ya kama na ƙasa. Matar da ke zanen ta gargaɗe shi cewa in zafin ya yi yawa, komai zai narke ya cakuɗe. Ya yi dariya a ransa, shi da ya shekara goma yana riƙe irin na'urar a wurin aiki.

Ya sayo kaki wajen masu zuma a kasuwar Souq Waqif. Fuskar mahaifiyarsa yake so ya fitar. Ta rasu a Zonkwa shekara shida da suka wuce, hotonta ɗaya tilo kuma gara ta cinye a cikin akwati.

Wata biyar yana fama a ɗakinsa na unguwar Old Airport. Wata Juma'a da rana, bai ma san yadda aka yi ba, ya ja da baya sai ga Mama a kan katakon tana kallonsa, da wannan ɗan murmushin nata na gefen baki. Nan take ya kira yayarsa Liatu a bidiyo, ya juya mata wayar.

Liatu ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Mama ce!" Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce, "Har na ga kamar za ta yi magana. Tabon girarta ne kawai babu, wanda man suya ya fallatsa mata."

"Bari in sa shi, Yaya."

"A'a, Malachi, bar ta haka. Don Allah kada ka taɓa."

Wa ya isa ya hana shi? Ko hoton zanen bai tsaya ya ɗauka ba. Ya ɗiga kaki a girar, ya kunna na'ura. Tabon bai zauna daidai ba, ya ƙara matso da ita. Girar ta yi laushi kamar man shanu a rana, ta gangaro cikin ido. Ya yi sauri ya tare, kunci ya biyo baya. Kafin ya kashe na'urar, Mama ta tafi.

Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izarta. Da-na-sani ta ci shi ƙwarai, ga kunya, don ya san babu wanda ya jawo sai taurin kansa. Ya kasa gaya wa Liatu. Duk sanda ta ce ya turo hoton, sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Sau bakwai yana sakewa. Na bakwan ya yi wata uku a kansa, har da tabon, daidai inda yake. Ya yi ta maza ya kira Liatu, ya juya wayar wajen zanen.

Ta matso da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Kai, hannunka ya faɗa sosai," ta ce. "Wannan kuma wace ce?"