Waƙar da ke kan layina

Kwana huɗu duk wanda ya kira ni sai na ji yana ƙunshe dariya kafin ya gaishe ni. Har mai gyaran famfo, da ba ya iya haɗa ido da ni, ya ce, "Inna, ashe ana shanawa." Na riƙe masa wannan.

Ƙanwata ce ta fasa ƙwan. Ta zauna bakin gadona, ta kira lambata da wayarta, ta kara mini a kunne. Sai ga kiɗa, ga wata yarinya tana maƙale murya: "Zo mu gudu, masoyi, kar babanka ya ji."

"Wannan 'yar gidan wa ce?"

"Taki ce, Yaya. Duk mai kiranki ita ke masa maraba."

Ga shi ranar da yamma Hedimasta zai kira ni. Ɗansa ke neman jikata, ita kuma ta mutu a kan yaron. Mutumin da ya taɓa korar malami don ya yi fito a harabar makaranta! In ya ji wannan a wayar kakar yarinya, magana ta mutu.

Ƙanwata ta buga mini lambar kamfanin. Wata mata ta ce barka da zuwa. Na ce yauwa, ina wuni? Ta ce in danna ɗaya. Na ce ya aiki? In danna biyu. Ya mutanen gida? Uku.

"Na'ura ce, Yaya."

"Na'urar ba ta da uwa?"

Muka danna abin da ta ce, sai suka sa mini waƙa. Na kawo ƙarar waƙa, an tare ni da waƙa. Har ƙanwata ta gama ninke wankina kafin wata 'yar budurwa ta ɗauka.

"Mama, da me zan taimaka?"

"Gaishe ni tukuna. Yayarki ta cinye mini gaisuwa uku, ke za ki biya."

Ta biya kuwa, har da ya jikoki. Na zayyana mata komai, na ce a nemo mini wanda ya yi mini wannan aika-aika.

Na ji tana ƙwanƙwasa wani abu. "Mama, a nan ya nuna ke kika zaɓi waƙar, ranar Litinin da safe. Kin kira wani mai ita a layinsa, kika danna tauraro."

Litinin da safe tela ne na kira, kan rigata da ya riƙe wata biyu. Ni kuwa in mutum ya ƙi ɗauka, maɓallin nan na ƙasa ta hagu nake dannawa da ƙarfi, kamar yadda ake ƙara buga ƙofa. Shekara goma ina yi, kuma suna ɗauka.

"To tela ya shafa mini," na ce. "Cire."

Ta cire. Na sa mata albarka, ban da yayarta.

Ina ajiyewa ƙanwata ta leƙa wayar, ta dafe ƙirji. Hedimasta ya kira sau biyu muna jiran kamfani. Wato ya sha waƙa sau biyu.

Ni ba na kwana da kiran mutum a kaina. Na ce buga masa. Ina karawa a kunne sai ga kiɗa. "Zo mu gudu, masoyi."

Ya ɗauka, murya kamar yana gaban ɗalibai. "Hajiya, na ji wani abu a wayarki ɗazu da ya kamata mu tattauna."

"Malam, da ka ji shi, ka taɓa wayar?"

"Na daddanna, ko zai mutu."

"To sa matarka ta kira ka yanzu, ka saurara a tata. Ina nan."

Bai daɗe ba ya sake kira. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi ta jikata, ya ce ranar Asabar za su zo gaisuwa shi da 'yan'uwansa. Zancen tattaunawa ko tari. Sai can ƙasa-ƙasa ya ce, "Hajiya, ta ina ake cire abin nan?"

Na ce, "Ranar Asabar in kun zo, zan gaya maka."