Ɗumin da ke Fitowa Daga Tsohon Rami

Shekara talatin da ɗaya Wilfried ya yi yana haƙar kwal a ƙarƙashin garinsu, a yankin Ruhr na ƙasar Jamus. Da aka rufe ramin, maƙwabta duk suka karɓi sabon bututun ɗumama gida, shi kuwa ya kafe a kan murhunsa na kwal. Wai barinsa cin amanar 'yan'uwansa ne da suka mutu a ƙasa.

Matarsa Irmgard ce ke shan wuya, hayaƙin murhun ya sa mata tari, ya hana ta sakat. Ran Lahadi suna cin dankali da kabeji, ta ajiye cokali.

"Maigida, ka zaɓa. Ko murhun nan ya fita, ko in koma wurin 'yarmu kafin sanyi."

"To, ki gaishe ta," in ji shi. Amma fa abincin bai ƙara shiga ba.

Washegari ya nufi gidan Cemal, tsohon abokin aikinsa. Kun san a wurin wankan mahaƙa ba mai iya wanke baƙin bayansa da kansa, kowa da mai cuɗa masa. Shekara ashirin Cemal na cuɗa bayan Wilfried, don haka shi kaɗai ke faɗa masa gaskiya ya kwana lafiya.

"Kai sarkin taurin kai," in ji Cemal yana zuba shayi, "ka ma tambaya daga ina ɗumin bututun nan ke fitowa?"

"Daga farfelolin iskar nan masu ba da lantarki mana."

"Lantarkin nan famfo kawai yake juyawa. Ruwa ne ya cika raminmu, zafin ƙasa ya ɗumama shi, shi suke jawowa. Daga hanyoyin da muka fasa da hannunmu, sakarai! Na gaji da cuɗa bayanka, ashe kan ne ke da datti."

Wilfried ya ajiye kofin, ya koma gida yana juya maganar a ransa.

Bayan mako uku aka fitar da murhun. Ranar da aka kunna bututun, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen bututun, ya ji ɗumi na hawowa sannu a hankali. Ya kira sunayen mutum huɗu da ramin ya riƙe, ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu godiya.

Irmgard na bayansa tana kwance akwatin da ta haɗa.

"Da wa kake magana, tsoho?"

"Da mutanenmu. Ashe ramin bai daina ɗumama mu ba."

"To ka ce su ƙara kaɗan, ƙafata na sanyi."

Ta yi dariya sosai, har ta gama ba ta yi tari ba.