Katanin Zaman Makoki

Nyanzobe tana goge gefen sabon jirgin ruwan da tsumma sai cokalin shayinta ya suɓuce daga aljihu ya faɗa ciki. Sau biyu ya bugi ƙasan jirgin. Bugun farko ya yi ƙara mai kaifi, yadda ya kamata. Na biyun ya yi wani irin buf, kamar an ƙwanƙwasa kabewar da ta ruɓe a ciki.

Tsumman ya tsaya a hannunta.

Shekara tara tana aiki a wannan masana'anta ta bakin tafki a Mwanza, tana shimfiɗa zaren gilashi, tana shafa masa ƙaro har ya daskare ya zama jirgi. Ba ta iya karanta takardun injiniyoyi ba, amma kunnenta ya san jirgi mai lafiya. Ta haura ta shiga, ta durƙusa, ta ɗauki cokalin ta fara bugawa a hankali. Nan lafiya. Nan ma lafiya. Da ta zo ƙarƙashin gadon da za a riƙa kwantar da masu naƙuda, ƙarar ta mutu. Ta bi wurin taki-taki. Faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki, kuma daidai inda igiyar ruwa take dukan jirgi.

"Maman Limi!" Mzee Bundala, dattijon da ya mallaki masana'antar, shi ne yake kira daga ƙasa, ya sha kwat duk da zafin rana. "Jirgin masu ciki ne fa. Ko akwai labarin da ba ki ba mu ba?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya, sannan suka tuna, dariyar ta yanke. Sati biyar ke nan da tafkin ya dawo da gawar mijinta Shilinde, bayan kwana uku ana nema. Bundala ya sosa ƙeya.

"Bakina ne, ki yi haƙuri. Fito, baƙi sun kusa."

An kafa rumfa, an jera kujeru, lasifika tana ta kiɗa. Bayan shago mata suna juya shinkafa da nama a manyan tukwane. Ƙarfe sha biyu babban jami'in lafiya zai yanke kyalle, daga nan jirgin ya kama hanyar tsibiri, tafiyar awa uku a ruwa.

Wannan jirgi ba irin sauran ba ne. Na zaren gilashi zalla, in ya tsage, tsagar gudu take yi daga hanci har wutsiya kamar an keta atamfa. Injiniya Kokusima, wadda ake kira Koku, ta yi shekara biyu tana neman maganin wannan, har ta gano shi: a saƙa zaren katani, wani tsiro da ake tufka igiya da shi kamar rama, ya zama kamar tabarma, a binne shi tsakanin shimfiɗa biyu na gilashi. Tsaga in ta taso ta iske saƙar, sai ta harɗe ta tsaya. Sharaɗin guda ɗaya ne, kuma Koku ta faɗe shi har an gaji da ji. Katanin ya bushe ƙarau. Ya kwana a ɗakin busarwa. Ƙaro ba ya kama jiƙaƙƙen zare.

Nyanzobe ce mai saƙar. Saura tabarma biyu ta gama aka yi mata rasuwar mijin. Tana zaune a tsakar gida, mata sun kewaye ta, gwaggonninta suka ga katani a jingine suka ce, kawo nan, hannu ba ya zama haka. Su kuwa tun suna yara, ba a saƙa katani sai an yayyafa masa ruwa ya yi laushi. Yanzu ne take ganin bahon nan shuɗi a tsakiyarsu, suna tsoma yatsu suna saƙa suna waƙar coci. A lokacin idonta yana kan bahon, amma ba ta gan shi ba. Ranar da ta koma aiki ta kawo tabarmin a naɗe. Koku ta rungume ta, ta ce, "Sun shiga ɗakin busarwa?" Ta ce, "E." Ko da an tambaye ta ko sama ta faɗo, e ɗin za ta ce.

Ta sauko daga jirgin. Ta sami Koku a ofis tana maimaita jawabinta a gaban taga, takalmi mai tsini a hannu.

"Injiniya, zo ki ji wani abu."

"Mama, in dai ba gobara ba ce, bari sai an watse."

"Gara gobara."

Koku ta dube ta, ta ajiye takalmin, ta biyo ta ba takalmi. A cikin jirgin Nyanzobe ta miƙa mata cokalin. Koku ta buga sau uku. Ta sake bugawa. Goshinta ya tsattsafo da gumi.

"Ba zai yiwu ba. Ni na auna ƙaron da hannuna."

"Ba ƙaron ba ne, 'yata." Nyanzobe ta gaya mata komai, da bahon, da gwaggonnin, da e ɗin nan. Ba ta yi kuka ba. Hawayen sun ƙare tun a satin makokin.

Koku ta zauna daɓas a kan gadon. "Kin san su waye za su zauna a layin gaba? Mutanen da suka ce min katani na igiyar ɗaure akuya ne. Yau in na ce jirgin bai yi ba, babu wanda zai tambayi dalili. Za su ce dama sun faɗa."

Bundala ya leƙo. Da ya ga fuskokinsu sai ya hauro, yana nishi. Ya saurara, ya karɓi cokalin ya buga da ƙarfi, kamar ƙarfi zai gyara ƙarar.

"Wannan? Don wannan kuke zaune kamar an yi muku sata? Fenti sumul, ko gashin tsaga babu. A yanke kyalle, a ɗauki hoto, baƙi su ci shinkafa. Wata mai zuwa mu ce a kawo shi a duba inji, mu gyara abinmu shiru. Wa ya ji, wa ya gani?"

"Baba, yau zai shiga ruwa," in ji Nyanzobe.

"To jirgi a tudu ake ajiye shi? Injiniya, ke ce mai ilimi. Zai nutse yau?"

Koku tana kallon ƙasa. "Zai iya shekara bai buɗe ba."

"Kin ji ko!"

"Zai iya buɗewa yau?" Nyanzobe ta tambaya.

Koku ta kau da kai. A waje wani yana gwada lasifika, ɗaya biyu, ɗaya biyu.

"Maman Limi," Bundala ya sassauta murya, "ki yi tunani. Limi tana makaranta, uban babu. In maganar nan ta fita, ba ni zan kore ki ba, waɗanda suka ba da aikin ne za su ce min, kai ko ita. Ki rufa wa kanki asiri."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san yadda jikin mutum yake komawa bayan kwana uku a ruwa. Ita ta gane Shilinde, da tabon da ke ƙafarsa.

"Kai, masu jirgi! A ba ni hanya in ga ɗakina!"

Sista Nyamisi ce, ungozomar asibitin tsibirin, ƙatuwar mace mai fara'a. Tun asuba ta taso a kwalekwalen katako don ta koma da sabon jirgi. Ta hauro tana dariya, ta shafa gadon, ta shafa ƙugiyar rataya ruwan jiki.

"Shekara shida ina roƙo. Shekara shida ina karɓar haihuwa a kan buhun ƙananan kifi, jariri ya fito yana warin kasuwa. Me ya faru kuka yi tsuru-tsuru?"

Bundala ya buɗe baki. Nyanzobe ta riga shi.

"Sista, jirgin nan ba zai tafi yau ba. Ƙasansa bai kama ba. Dabarar Injiniya lafiyarta ƙalau, ni ce na kawo jiƙaƙƙen katani na ce busasshe ne. Haka zan faɗa a gaban baƙi, da bakina."

Fara'ar ta bar fuskar Nyamisi. Ta juya wajen Koku. "Gaskiya ne?"

Koku ta miƙe. Ta sauka ta dawo da injin huda, ta ɗora a wurin ta danna. Bundala ya dafe kai. Da ta zaro, zaren da ya biyo bakin ƙarfen baƙi ne, yana warin igiyar rijiya. Ta murza shi a yatsa, ya dagargaje.

"Kwana nawa gyaran?" in ji Nyamisi.

"Sati uku. A yanke ƙasan, a sake saƙa, a busar."

"Sati uku." Nyamisi ta dubi tafkin. Iska ta fara tasowa, ruwan ya yi fari-fari a nesa. "Mata huɗu gare ni da za su haihu kafin nan. Kuma lokacin iska ne. Da wannan ruɓaɓɓen da na katakon, wanne ya fi? Ke Injiniya, gaya min."

"Ban sani ba, Sista."

"Ba ki sani ba." Ta juyo kan Nyanzobe, idonta ya kaɗa. "Na ji an yi miki rasuwa. Allah ya ba ki haƙuri. Amma ban gode miki ba, kin ji? Ban gode ba."

"Na ji."

Mota ta tsaya a bakin ƙofa, aka fara tafi. Bundala ya gyara kwat ɗinsa, ya ce wa Nyanzobe, "Ba ke za ki yi magana ba, masana'antata ce. Zancen aikinki kuma sai an gama gyara." Koku ta bi shi, har yanzu ba takalmi, baƙin zaren a tafin hannunta.

Nyamisi ta saɓa jakarta. Kwalekwalen katako yana tashi ƙarfe ɗaya, in ta rasa shi sai gobe. Ta sa ƙafa a tsani, sannan ta tsaya.

"Ta farko a cikin huɗun nan sunanta Bhoke. Shekararta sha tara, cikin fari, kuma ɗan a gicciye yake. Na gaya miki ne don ki sani."

Ta sauka ta bi ta bayan rumfa, ba ta ko kalli shinkafar ba.

Nyanzobe ta ɗauki alli ta zagaye wurin da ya mutu, ta ƙara taki ɗaya ta kowane gefe. Kiɗan lasifika ya tsaya, ta ji muryar Bundala yana gyaran murya. Ta ɗaure hanci da ɗankwalinta, ta jawo injin yanka. Ba ta jira ya gama jawabi ba.