Likitan Bayan Zane

"Ba shi shiga," in ji Dogo. "Ko fashewa zan yi, Bashar ba shi shiga ɗakin ga."

Yana kwance, mararsa ta kumbura kamar an kife ƙwarya. Robar fitsarin da aka sa masa a asibitin Gusau ta toshe tun hantsi. Maƙwabcinsa Attahiru na tsugune yana yi masa fifita. A zaure kuwa Bashar ne tsaye da jakarsa, malamin asibiti, mijin Bara'atu 'yar Dogo.

Attahiru ya san mafarin abin. Shekarun baya an zo Tsafe da gwajin maza kyauta, na ciwon dajin nan da ke kama dattawa ta wajen mafitsara. Tare da Dogo suka bi layi. A nan wani mahauci ya rantse cewa sai an tuɓe wa mutum wando. Dogo ya leƙa taga, sai ya ga surukinsa ne a ciki, mutumin da ko ruwa bai taɓa kurɓa a gabansa ba. Ya saɓa riga, ya ce ya baro gero a kasuwa ba mai tsaro. Attahiru ya tsaya, aka ɗebi jini a hannunsa, shi ke nan. Da ya kai labari, Dogo ya ce shi sanyi ke damunsa, ya ci gaba da jiƙe-jiƙensa har ciwon ya sauka a ƙashin baya. Ranar da aka je Gusau, likita ya ce an makara.

"Kai, Dogo, taurin kai har a bakin kabari?" in ji Attahiru.

"Kai dai ɗiyanka duk maza ne. Mi ka sani?"

Ladidi matar Dogo tana kuka a tsakar gida, kaji na zagaya ta. Attahiru ya fito ya tsaya yana kallon shanya. Ya sauke wani zane mai hoton kifaye, ya koma ɗaki, ya ware shi da hannu biyu daidai ƙirjin Dogo, kamar labule.

"Bashar ya tafi," ya ce da ƙarfi. "Ga wani likita daga Gusau."

Dogo ya daɗe yana kallon kifayen.

"To, shi shigo."

Bashar ya cire takalmi, ya shigo a sunkuye. Attahiru kaɗai ke ganin ɓangare biyun: a nan fuskar tsoho da zufa, a can Bashar yana aiki. Can sai jakar roba ta fara cika. Dogo ya sauke numfashi.

"Likita, ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kuna da irin surukina can? Bashar. Yaron kirki ne, sai dai ba shi da ƙiba. In kun haɗu, ka ce mishi laifin ba nashi ba ne."

"Zan faɗa mishi, Baba."

Daga ranar, likitan Gusau kullum sai ya zo bayan la'asar, Attahiru kuma ya ɗaga zane har kafaɗunsa su yi tsami. Dogo yakan tambayi farashin gero a Gusau, likita ya ƙirƙiro, Dogo ya ce mutanen birni ɓarayi ne.

Wata Laraba, ana cikin wanke robar, Dogo ya fara tambayar ko an yi ruwa a Mada, bai ƙarasa ba. Attahiru ya ga idanun sun tsaya a kan rufi. Ƙirjin ya daina motsi.

A ɗaya ɓangaren Bashar yana goge hannu, yana cewa, "An yi, Baba. Har kwari ya cika."

Attahiru bai sauke zanen ba tukuna. Iskar ƙofa ta shigo, kifayen suka ɗan motsa.