Abin da Noelene Ta Goge

"Ki yi haƙuri Noelene, amma koren littafin nan naki ya ci zamaninsa," in ji Renata Calabro, akantarsu, tana tura shi gefen tebur da ɗan yatsa. "Daga watan Yuli ofishin nan zai daina karɓar takarda. Komai ta intanet za mu riƙa aika wa hukumar haraji. Manhaja biyu na tace muku, yau kuma sai kun ɗauki ɗaya."

Noelene Pohlner ta jawo littafin ta ɗora a cinya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana rubuta lissafin gonarsu a irinsa: alkama, ulu, man dizal, da kuma shafin tumaki, inda kowace shekara ake son sanin nawa aka haifa, nawa aka sayar, nawa aka yanka aka ci a gida, nawa suka mutu. A damanta ɗansu Warwick ne ke ta kaɗa ƙafa. A hagunta mijinta Lindsay, hula a gwiwa, ya ƙura wa titin garin Mildura ido ta taga, inda zafin Janairu, tsakiyar bazara a ƙasarsu, ke neman narkar da kwalta.

"Ta farko dala talatin da biyar ce a wata," Renata ta ci gaba. "Ke za ki riƙa shigar da komai da hannunki, kamar yadda kika saba. Ta biyu dala casa'in, don manoma aka yi ta. Ita da kanta take ɗauko lissafi daga banki, yawan tumaki kuma daga na'urar da ke karanta maɓallin kunnensu. Ku ukun kowa zai gani a wayarsa."

"Ta farko," Noelene ta ce.

"Haba Mama, ko bakinta ba ta rufe ba," in ji Warwick.

"Dala hamsin da biyar kowane wata, a bishiya kake tsinko su?"

Ba kuɗin ne ya dame ta ba.

A gidan Pohlner, mai gona shi ne mai ƙirga tumaki. Zai tsaya a bakin ƙofar garke, ya sa gwiwa ya tare ta yadda uku-uku za su riƙa fita a guje, yana sarar iska da hannu, sannan ya rubuta adadin a ɗan jan littafin da ke aljihun rigarsa. Ranar da mahaifin Lindsay ya ɓata ƙirge da tunkiya bakwai, a gaban masu askin tumaki ya zaro nasa littafin ya miƙa wa ɗansa, bai sake cewa a yi ko a bari ba har ya koma ga Mahalicci. Lindsay kuwa duk Kirsimeti sai ya nuna Warwick da cokali ya ce, "Ranar da na ɓata ƙirge, ka zo ka karɓa. Kafin nan, ka tsaya kan alkamarka."

Shekara biyu ke nan da ya fara ɓatawa. Da farko tara ne. Noelene ta gane ne da ta haɗa adadinsa da na masu aski, ta ɗauki magogi ta gyara shiru. Sai sha huɗu. Sai talatin, a makon da ta tsinci makullin mota a cikin firji. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san mijinta: ka raba shi da jan littafin nan, ka raba shi da dalilin tashi da safe.

Ranar Litinin da ta wuce aka tattaro garken aka ba su maganin tsutsa. Da ya shigo cin abincin rana ya karanto mata, ita kaɗai kamar kullum: dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da huɗu. Ta rubuta, ta duba abin da ya kamata ya kasance. Dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in. Giɓin ɗari da tamanin da shida! Ta ce a ranta abin nasa ya yi nisa. Tana jin ƙarar ruwa ya shiga wanka, ta goge nasa ta rubuta nata.

Manhaja ta farko za ta karɓi duk abin da ta rubuta. Ta biyun ba ta san rufin asiri ba.

"Baba, kai me ka ce?" Warwick ya tambaya.

Lindsay ya juyo daga taga. "Inji ne zai ƙirga min tumaki? Ya fara da gashin kanka mana, ba zai sha wahala ba."

Renata ta ƙyalƙyale da dariya. Warwick ya shafa sanƙonsa.

"To tsoho, bari mu ga mai gaskiya tsakaninku. Na aro na'urar daga wajen dillali, na maƙala ta a lungun da suke bi ranar Litinin. Duk wadda ta wuce ta karanta kunnenta. Renata, na turo miki, buɗe mu gani."

"Warwick, bar wannan shirmen," Noelene ta ce. "Muna da sayayya, ga zafi."

"Minti ɗaya ne, Mama."

Renata ta danna, ta juyo musu da fuskar kwamfutar. Noelene ta runtse ido. Shi ke nan, yau a ofishin mutane za a tsiraita mata miji.

"Dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da huɗu," Renata ta karanta.

Lindsay ya zaro jan littafinsa, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya buga shi a kan tebur. "Karanta, ɗan zamani! Karanta da ƙarfi! Injin naka ba laifi, ya iya ƙirge. Ka ce masa in yana neman aiki ya zo."

Warwick ya duba ya yi murmushi, ya ɗaga hannu sama alamar ya sallama. Noelene kuwa ta ƙura wa adadin ido. Ƙirgen daidai ne. In kuwa daidai ne, ina sauran?

"Bari in gwada da littafin," Renata ta ce, ta miƙo hannu. Noelene ba ta iya hanawa ba. Matar ta bi shafin da biro, ta tsaya. "A nan dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in aka rubuta. An sayar da wasu ne?"

"Ba a sayar da ko ɗaya ba tun Oktoba," in ji Warwick. Ya karɓi littafin ya ɗaga shi saitin haske. Wurin gugar ya fito fili, takardar har ta yi laushi. Ya dubi mahaifiyarsa. "Mama, ina tumaki ɗari da tamanin da shida?"

Idon Noelene ya sauka kan jan littafin da ke buɗe a tebur, iskar fanka ta ɗaga shafin ta mayar da shi baya. Ta jawo shi. Rubutun Lindsay ne, mai karkata kamar shingen da iska ta tura: *Lahadi. Tsofaffin tumaki 186, shingen Doherty.*

Shingen Doherty shi ne ƙarshen gonar, kilomita goma sha ɗaya daga gida. Tun da aka girbe alkamarsa babu dabba a ciki, don haka aka rufe famfon da ke kai ruwa kwaminsa.

"Lin," ta ce a hankali, "ka kai tumaki Doherty ranar Lahadi?"

Ya sunkuyo ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya rubuta min wannan a littafi?"

"Ka buɗe famfon?"

Ya dube ta kamar bai taɓa jin maganar famfon ba. Yau Alhamis. Tun Litinin zafi bai sauko ƙasa da digiri arba'in da biyu ba.

Kujerar Warwick ta faɗi ƙasa. Renata na kiran su, ba wanda ya waiwaya.

Kilomita casa'in ne zuwa gonar. Warwick ya taka a-kori-kurar kamar zai tsaga titi, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na kiran maƙwabcinsu. Sau huɗu wayar tana ƙara ba a ɗauka ba. Noelene na tsakiya, koren littafin a ƙirjinta. Lindsay, jan littafinsa ya koma aljihu, ya riƙe hularsa da hannu biyu. Sau ɗaya ya yi magana duk tafiyar.

"Akwai kara mai kyau a Doherty bana. Za su yi ƙiba."



Hankaki suka fara gani, tun kafin su kai shingen. Sannan wari ya shigo ta taga. Tumakin sun taru a kan busasshen kwamin, wasu kan wasu, fararen tsibi a kan jar ƙasa. Waɗansu sun bi jikin waya suna neman mafita, a nan suka kwanta. 'Yan kaɗan ne ke tsaye, kai a ƙasa, harshe waje, ko gudun motar ba su yi ba.

Warwick ya dira tun motar ba ta gama tsayawa ba, ya ruga kusurwar shinge ya murɗa famfon. Bututun ya yi tari, ya tofo iska, sannan ruwa ya zo da zafinsa kamar na shayi. Masu sauran rai suka taso suna tangaɗi.

"Kada ku bar su su cika ciki!" Lindsay ya daka tsawa, muryarsa ta dawo irin ta da. "Kaɗan-kaɗan! Noel, tare waccan! Kai kuma janye matattun daga bakin kwamin, me kake kallo?"

Awa biyu suka yi a cikin ranar nan. Noelene tana ɗiban ruwa a hular mijinta tana kai wa waɗanda suka kasa tashi, tana ɗaga musu kai. Wata ta sha ta miƙe. Wata ruwan ya bi gefen bakinta ya zube. Daga ƙarshe Warwick ya je bayan kujerar mota ya ɗauko bindiga. Noelene ta juya baya tana ƙirga ƙarar ba da son ranta ba. Ashirin da uku.

Da la'asar suka koro masu rai zuwa ƙofa. Lindsay ya tsaya a gurbinsa, ya sa gwiwa ya tare. Ba gudu suke yi ba, ɗaya-ɗaya suke jan ƙafa, amma duk da haka ya sari iska da hannu.

"Hamsin da takwas," ya ce.

Warwick, wanda ya gama zagaya gawarwakin, ya ce, "Ɗari da ashirin da takwas." Ya jingina bindigar da mota, ya juyo kan mahaifiyarsa. Fuskarsa duk ƙura ce, hawaye sun yi hanya a ciki. "Tun yaushe, Mama?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu! Da ranar Litinin kin ce min adadi bai cika ba, da a daren na zagaya. Kwana ɗaya kawai suka yi a lokacin. Kwana ɗaya, Mama!"

"Na ɗauka shi ne ya ɓata."

"To ko da shi ne, sai ki ɓoye min? Ni baƙo ne?"

"Da na faɗa maka, da ka karɓi littafin."

"Ni na ce miki ina son littafin?"

Lindsay ya tako ya tsaya tsakaninsu. Idonsa tar, kamar ba shi ne ɗazu ya kasa gane rubutun kansa ba. Wannan ya fi komai yi wa Noelene ciwo.

"Noel, ke kika goge min ƙirge?"

"Ni ce."

"Daidai yake kuwa."

"Daidai yake, Lin."

"Na baya fa? Su ma daidai suke?"

Ta girgiza kai. Ya gyaɗa nasa a hankali, ya dubi fararen tsibin da hankaki suka fara komawa kai. Ya sa hannu a aljihu. Maɓallin ya ƙi buɗuwa, ba wanda ya yi gigin taimaka masa.

"Kakanka bakwai ya ɓata ya sauka," ya ce wa Warwick. "Su ma a takarda suka ɓace, da yamma suna nan suna kiwo. Ungo."

"Baba, ba yau ba."

"Ungo, ɗan banza, kafin in manta dalili."

Warwick ya karɓi jan littafin da hannu biyu.

Washegari ƙarfe tara Noelene ta kira Renata ta ce a sa musu ta biyun. Renata ta bi da ita a waya, danna nan, danna can, har shafin tumaki ya buɗe. Can nesa ana jin tarakta, Warwick na haƙa rami a Doherty. Ta nemo gurbin waɗanda suka mutu, ta buga ɗaya, biyu, takwas da yatsa ɗaya. Manhajar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata.

Ƙofar raga ta yi ƙara. Lindsay ya shigo da takalmansa, abin da ta hana shi shekara arba'in, yana lalube aljihun riga, na hagu, na dama, na hagu kuma.

"'Yar tsohuwa, kin ga littafina? Ina so in leƙa tumakin Doherty, kada ruwa ya yanke musu a zafin nan."

A cikin durowar da ke gefen gwiwarta akwai sababbin jajayen littattafai uku da dillali ya ba su. Da ta miƙa masa ɗaya ta ce tsohon ya cika, da ya fita yana fito. Har hannunta ya kai kan marikin durowar. Ta janye shi.

"Yana wurin Warwick, Lin. Kai ka ba shi jiya."

"Ni?" Ya yi 'yar dariya. "Don me zan ba wannan mai sanƙon littafina?"

Ta jawo masa kujera kusa da tata, ta zuba masa shayi, ta juyo da fuskar kwamfutar yadda zai gani.

"Zauna," ta ce. "Zan faɗa maka."