Kwalbatin Gonar Matta

"Buhu goma na takin zamani," in ji Alhaji Maitama, "mai kyau, ba wanda ake cuɗa wa yashi ba. Kai kuma magana ɗaya za ka yi."

Malam Ummaru ya dubi ƙasa. Suna tsugune ne a inuwar motar Alhajin, a bakin tsohuwar hanyar da ta taso daga Dayi ta ratsa ƙauyensu, wadda aka ce za a ɗaga ta a zuba mata kwalta.

"Alhaji, ruwan nan tun ina yaro ta filinka yake bi."

"Na sani. Shi ya sa na zo wurinka, ban je wurin wani ba. Gobe masu awo za su iso, kuma kwalbati ɗaya tak aka ware wa wannan yankin. In suka sa shi a bakin filina, wa zai gina gidan mai a kan magudana? Ka ce musu ta gonar Matta yake bi."

"Matta maƙwabcina ne shekara arba'in."

"Sha biyu. Ran da aka zuba kwalbatin a can, ran nan takinka zai iso."

Ummaru ya miƙa hannu.

Ga yadda wurin yake. Gonar Ummaru tana sama da hanya, filin Alhaji yana ƙasa da ita, suna kallon juna. In an yi ruwa, yakan gangaro daga tudu ya bi gefen gonar Ummaru, ya haye tsohuwar hanyar, ya faɗa filin Alhaji. Tun farkon rani Alhaji ya sa tifa ta cike kwarin da ruwan ke bi a filinsa da jar ƙasa, aka baje, kamar ba a taɓa yin kwari a wurin ba. Gonar Matta kuwa tana can kudu, tafiyar da ba ta kai ta shan kofin shayi ba.

Washegari masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku da dogon sanda mai lambobi. Shugabarsu mace ce, Injiniya Maijidda, ta ɗora hular kwano a kan hijabi. Ta ce a nemo mata dattijon da ya fi kowa sanin ƙasar. Ba wanda ya yi gardama, Ummaru aka kira. Matta ya tafi Funtua duba surukinsa a asibiti.

"Baba, mu da rani muka zo, ku ne kuka ga damina. Ta ina ruwa ke tsallake hanya?"

Ya nuna kudu da sandarsa. "Ta can, gonar Matta."

Ta duba takardarta, ta dubi filin Alhaji. "Awona ya nuna nan da can kusan ɗaya ne. Amma ƙasar nan ja ce, ba ta yi kama da ta kewayenta ba. Ka tabbata, Baba?"

"'Yata, na'urarki damina nawa ta yi a garin nan?"

Mutanen da ke tsaye suka yi dariya. Rabinsu sun san gaskiya, amma Alhaji na zaune a mota gilashi a sauke. Ita ma ta yi murmushi, ta sake tambaya karo na uku, ya sake faɗa. Ta rubuta a littafinta, ta karanta masa, ya dangwala babban yatsa. Aka kafa turke mai jan fenti a bakin gonar Matta.

Da Matta ya dawo ya ga turken, har zaure ya sami Ummaru.

"Ummaru, yaushe ruwa ya fara bi ta gonata ni ban sani ba?"

"Aikin masu ilimi ne, Matta. Ni me na sani?"

Matta ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da duk Kirsimeti Matta yake aika wa da cinyar akuya, shi kuma duk babbar salla ya mayar. Matta ya sa takalminsa ya fita. Daga ranar gaisuwa ta koma ɗaga hannu.

Zanen hanyar ya ci shekara guda. Da rani ya zagayo, manyan motoci suka zo suka ɗaga hanyar har ta kai ƙirjin mutum, suka zuba kwalbati a inda turken yake. Alhaji bai saɓa alkawari ba. Da Inno, matar Ummaru, ta ga ana jibge buhuna a tsakar gida, ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan kuma sadakar wa ce?"

"Ki ce Allah ya sa albarka mana."

"Sai na san ta inda ya fito."

Bai sayar da ko buhu ɗaya ba, duk ya zuba wa masara. Tun da yake noma bai taɓa ganin irinta ba: kara kamar damtse, ganye har baƙi-baƙi yake yi. Masu babur sukan rage gudu su kalla. Shi kuwa a lissafinsa ruwa zai bi lambatun gefen hanya ya tafi wurin Matta salin-alin.

A tsakiyar Agusta, masara ta fara goyo, aka kwana biyu ana ruwa. Ruwa ya gangaro inda ya saba, ya tarar da hanya ta zama katanga. Lambatun ɗan siriri ne, an yi shi daidai ruwan da aka ce yana bi ta nan, ga shi yashi ya toshe shi tun daren farko. Sai ruwan ya tsaya. Da gari ya waye, bunun masara kawai ake hange a gonar Ummaru.

Yana tsaye a kan sabuwar kwalta, zani ɗaure a ƙugu, sai ga Matta da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya kusa da shi, suka kalli ruwan tare.

"Ka gaya wa injiniya," in ji Matta, "amma ka manta ba ka gaya wa ruwan ba."

Ya wuce abinsa.

Kwana tara ruwan bai janye ba. Ummaru ya shiga bas zuwa Malumfashi, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ofishin kamfanin da ya zana hanyar. Ya yi sa'a, Injiniya Maijidda ta dawo daga wani aiki a wajen Matazu. Ta gane shi tun daga ƙofa.

"Sannu da zuwa, Baba. Na ga hotunan gonarka."

"'Yata, hanyarku ta cinye mini gona."

Ta jawo littafin, ta buɗe, ta juya masa shi. Bai iya karatun boko ba, amma ya gane yatsansa.

"Sau uku na tambaye ka."

"To, yanzu a fasa hanyar a sa wani kwalbatin mana."

"An miƙa aiki, Baba, an rufe kwangila. Zan rubuta, amma ba na yi maka alkawarin bana ko baɗi. Ni ma takardar tuhuma ce a gabana, an ce me ya sa na bi maganar baki ban sa an haƙa ƙasar na gani ba. Kuma gaskiyarsu." Ta rufe littafin. "Faɗa mini abu ɗaya. Mantuwa ka yi?"

Ya buɗe baki. Ya tuna Alhaji, ya tuna shi zai koma garin ya kwana.

"Tsufa ne, 'yata."

"Allah ya ba da lafiya," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

A hanyar dawowa bas ta bi ta gaban filin Alhaji. Busasshe ƙayau, magina har sun ɗaga rumfar gidan mai. Direba ya ce ai Alhaji ya yi dabara da ya sayi wuri mai tudu. Ummaru ya ce a sauke shi a gaba.

To, ga yadda aka tashi. Alhaji Maitama ya samu gidan mai a bakin kwalta da buhu sha biyu. Matta ya samu kwalbatin da ɗan ruwan da ke tsiyaya ta cikinsa bai wuce na jiƙa kwari ba, har ya dasa shinkafa a wurin. Injiniya an mayar da ita ofis tana duba zanen wasu. Ummaru kuwa ya rasa masarar, ya rasa takin, gonar ta zama tafki duk damina. Da masu awo suka sake zuwa don hanyar da za ta ɓulle Bakori, suka ce a kira musu dattijon da ya san ƙasar, yana zaune a gindin ɗorawa yana jinsu. Aka aika gidan Matta.