Alkyabbar Alƙali

Malam Abdulƙadir a kan hanya ya yi furfura. Shi fadar Sakkwato take aikawa in ana neman sulhu da wani gari mai nisa, kuma ba a rufe shawara a majalisa sai an ji ta bakinsa. Wata damina ya faɗi maganar da ba ta yi wa manya daɗi ba. Babu wanda ya tsawata masa. Rawani aka naɗa masa, aka ce ya zama alƙali a Boɗinga.

Jama'a suka yi ta zuwa barka. Matarsa Hajjo ce kaɗai ta ce, "Malam, girma anka ba ka, ko ko turke anka kafa maka?"

"Haɗa kaya," ya ce.

Alƙali ba ya barin gari sai da izini, izinin kuwa ya ƙi samuwa. Duk sanda ya nema, sai a ce jama'a na bukatarsa. Mutumin da ya saba zama da sarakuna ya koma wuni a kan buzu, yana raba gadon tukwane da rikicin iyakar gona. In fatake suka bi ta ƙofar zaurensa za su Sakkwato, sai ya bi su da ido har mai ƙara ya maimaita zancensa.

Ana nan sai wani makiyayi daga Shagari, Ɗahiru, ya kawo ƙara. Barorin wani babban bafade mai suna Maniru sun shinge mashayar shanu a fadamar Danchadi sun dasa albasa, da shanun Ɗahiru suka ratsa kuma suka kame su.

Kafin ranar shari'a, manzon Maniru ya zo ya durƙusa. "Allah shi gafarta Malam, maigida ya ce wurin zamanka a majalisa shina nan. In shari'ag ga ta yi kyau, da bakinai za shi roƙa a mai da kai gida."

Malam ya sallame shi. Zuciyarsa ta kwaɗaitu, har kunyar kansa ta kama shi. Ya tafi fadamar da ƙafarsa, dattawan Danchadi suka nuna masa tsohon burtali, suka rantse tun kakanninsu shanu ke sha a nan. Ya dawo ya yanke: a cire shinge, a mayar wa Ɗahiru shanunsa.

"To, ka rufe ƙofa da hannunka," in ji Hajjo.

"Maniru ba shi yafewa," ya ce. "Sai ya ga an tuɓe ni. In an tuɓe ni kuwa, ƙafata tawa ta."

Har ya fara ɗaure littattafansa.

Bayan girbi manzon fada ya iso ɗauke da alkyabba fara. A gaban jama'a ya ce labarin adalcin Malam ya kai majalisa, kuma Maniru da kansa ya tashi ya ce alƙali irin wannan ba a raba shi da mutanensa. An tabbatar masa da alƙalancin Boɗinga muddin ransa.

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka yafa masa alkyabbar, ya ji ta yi masa nauyi a kafaɗa.

"Mi za ni ce musu, Malam?" manzon ya tambaya.

Malam Abdulƙadir ya gyara alkyabbar. "Ka ce na gode."

A bakin zaure wata tsohuwa tana jira, riƙe da igiyar akuyar da maƙwabcinta ya ce tasa ce. Malam ya ce a shigo da ita.